Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Ekstenshan Mai Gida Shida



Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can bayan kujera, inda ƙura ta naɗa maka rawani, dalilin wannan wasiƙa maganar alƙawari ce. A jikin kwalinka an rubuta gida shida gare ka. Mu dai uku muke mora.

Ramukan kam suna nan, ba a yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya jera su kamar bai taɓa ganin cajar kwamfuta ba. Da ta zauna sai ta danne rabin gidan maƙwabciyarta, adaftar dikoda kuma ta kwanta a gicciye ta rufe biyu har da makunninsu. Abin ya zama motar tasha: an karɓi kuɗin mutum shida, Hajiya ɗaya ta cinye kujerar baya. Ga shi da an kawo wuta kowa ya taso da wayarsa da fitilarsa, Inna tana daga ɗaki tana cewa a cire ta Auta a sa tata.

Na san za ka ce laifin Turawa ne, kuma da 'yar gaskiyarka. Fulogin nan mai ƙafa uku a Ingila aka fito da shi a 1947, mu kuma muka gada. Ƙibarsa da dalili: akwai fis a cikinsa, kuma doguwar ƙafar sama ita ke fara shiga ta buɗe murfin ramuka biyun ƙasa, don kada yaro ya cusa ƙusa. Wayarsa ta ƙasa take fita, shi ya sa in mai haɗa wuta ya kafa soket dab da daɓe sai ta yi ta lanƙwashewa har ta tsinke. To amma baƙonmu na Maraɗi, mai caja da siraran ƙafafu biyu irin na Faransa, murfin biro kawai yake turawa a ramin sama, kai kuma ka buɗe masa ko tambaya babu. Haba Alhaji!

Sai batun ƙarfi, wanda ba ka son a tayar. Amfiya 13 a wutar bolt 230 wajen wat 3,000 ke nan, kuma na gidajen duka ne a haɗe. Butar lantarki da dutsen guga su kaɗai suna iya haye wannan. Wasu 'yan uwanka masu siririyar waya ko kusa da nan ba sa zuwa, ba kuma sa magana sai ƙauri ya tashi.

Don Allah ka isar wa masu ƙera ka: su buɗa tsakanin gidajen, su juya na gefe biyun su kalli waje saboda manyan cajoji, su sa waya mai kauri da fis na gaskiya. In huɗu ne za su shiga a wadace, su yi huɗun, za mu saya.

Ka huta lafiya.

Naka,
Maigidan da ke raba rigimar caji