Ni da Ƙurar Chadi

Akwai wata cuta da ke kama magidanta a watan Nuwamba wadda ba a kai ta asibiti. Alamarta ita ce mutum ya ga an ja jan layi a kan wani farashi, an rubuta ƙarami a ƙarƙashinsa, nan take sai ya tuna ashe tun yana goye yake bukatar abin. Daga Amurka aka kwaso ta. A can Juma'a ɗaya ce tak, wadda ke bin bikinsu na godiya da ake yi Alhamis ta huɗu a watan, suna ce mata Black Friday. Da ta faɗo hannun 'yan kasuwarmu sai ta miƙe ƙafa, ta zama Juma'a mai tsawon wata guda. Ni ta kama ni ne daidai lokacin da hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, hazo ya lulluɓe Kano har jiragen sama na fasa sauka.

Talla ba ita ta fara ja na ba, karatu ne. Na karanta cewa yawancin ƙurar da muke shaƙa a hunturu daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, wai shi Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau nesa ba kusa ba. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta ta watsa mana, wani kason kuma ya tsallaka Tekun Atalantika har dajin Amazon, ya zame wa itatuwan can taki. Mai hankali in ya karanta wannan sai ya ce Allahu Akbar, ya ja rawani ya rufe hanci. Ni kuwa sai zuciyata ta raya min cewa ƙurar da teku ya kasa tarewa, ni zan tare ta a ƙofar falona.

Da na'urar tace iska na fara. Na zaunar da uwargida na yi mata lacca: matacin da ke ciki, wanda ake kira HEPA, yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, alhali kaurin silin gashinta kan kai maikiron 70. Ta bari sai da na kai aya.

"Malam, kuɗin makarantar yara fa?"

"Ai ba ki gane ba. Ragin kashi 40 aka yi. Riba na ci."

"To Alhamdu lillahi. Kawo ribar in ajiye mana."

Na yi kamar ana kira na a waya.

Ɗan aike mai babur ya kawo ta cikin kwali. Fara ce sol, tsayinta bai wuce na turmi ba, da wata 'yar fitila a ka: shuɗi iska lafiya, ja kuwa a yi hattara. Ina kunna ta ta yi ja, kuma ba ta sake canza ra'ayi ba. Na ce ai dole, ƙurar shekara da shekaru ba ta fita dare ɗaya. Na kafa doka a gidan. Duk baƙon da ya shigo sai na zaunar da shi kusa da ita na ce ya ja numfashi. Wani abokina mai fama da mura ya ja, ya yi atishawa uku a jere, ya share ido ya ce wallahi har ya ji sauƙi. Allah ya saka masa da alheri, irin wannan kara ta yi ƙaranci a zamanin nan.

Rikici na farko da turaren wuta aka yi shi. Uwargida na ɗora shi a kasko, na'urar ta ɗauki gurnani, fitilar ta koma walƙiya. Ita ba ruwanta da ƙamshi, hayaƙi hayaƙi ne a wurinta, ko na hawi ne ko na tayar da aka ƙona. Ni kuma maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na tsaya ina fassara mata abin da injin ke nufi. Ta ajiye kaskon a hankali. "Wato turaren da Yaya ta aiko min tun daga Maiduguri shi ne ƙazanta?" A ranar na ci tuwo ba man shanu, ban kuma tambayi dalili ba.

Autanmu ne ya warware zancen jar fitila. Yana neman inda hasken ke fitowa, ya ɓalle murfin baya, sai ga mataci ya faɗo, sabo fil, naɗe cikin ledarsa ta kamfani, an liƙa masa jar takarda mai manyan haruffa cewa a cire leda kafin a kunna. Wato duk tsawon makonnin da nake sa dattawa jan numfashi, fanka ce kawai ke juya ƙurar ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwa. Yaron ya ɗaga ledar sama ya ruga tsakar gida yana kiran uwarsa. Na so in saye shi da biskit, amma labari ya riga ya tsallaka katanga.

A yi wa na'urar adalci: da aka cire ledar ta yi aiki. In an rufe ƙofa da taga, aka ba ta lokaci, fitilar takan koma shuɗiya, kuma da safe maƙogwaro ba ya kartar mutum. Sai dai wa ya taɓa rufe falon Bahaushe? Tagoginmu masu gilashi falle-falle ne, ko an rufe su iska na ratsawa. Ƙasan ƙofa ɗan tsako na iya bi. Yara na shiga suna fita, maƙwabciya ta zo aron rariya, almajiri ya yi sallama. Ga kuma wuta. Layinmu ba ya cikin rukunin A da aka mayar wa kuɗin wuta naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 bisa alkawarin awa 20 a rana, saboda haka ƙarin bai same mu ba, wutar ma haka. Tayar da janareta don a wanke iska kuwa, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ko ni da nake cikin zazzaɓin rahusa na san ba zan iya kare shi a gaban kowa ba. Balle hayaƙin janaretan ta taga ɗaya yake shigowa da ƙurar. Kafin hunturu ya wuce mataci ya koma launin ƙasa. Ba a wanke shi, sabo ake saya, kuma a kan farashin sabon babu wanda ya ja jan layi.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma na shiga Sabon Gari neman matacin, sai wani mai kayan gwanjo ya hango ni.

"Alhaji, irinku muke jira. Zo ka ga abin da manya ke saya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Ya zaro wani faifai baƙi mai ƙananan tayoyi, injin shara mai tuƙa kansa. Irin wannan ya yi suna ne tun 2002 da aka fito da Roomba a Amurka. Nawa dai ba shi ba ne, wani ɗan'uwansa ne na nesa. Ya ce wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da shi sau biyu. Duk kayan gwanjon Kano na wannan baiwar Allah ne, ban san yadda ta yi da gidanta ba.

Ina isa gida na cusa mazaunin cajinsa a soket. Aka ji fat, sai wari. Mai gyaran rediyon bakin layinmu ya juya shi, ya nuna min wani ɗan rubutu da farce. "Yallaɓai, wannan bolt 120 yake ci, wutar Amurka. Tamu 230 ce." Gyara da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta suka lashe ragin da aka yi min, har da ɗoriya.

Da ya farfaɗo sai ya nuna hali. Ya haɗiye igiyar caja. Ya cafki gezar sallayata ya ja ta har ƙarƙashin kujera. Dokin ƙofar da ke tsakanin falo da ɗaki ya gagare shi, ya yi ta tunkuyi har ya haƙura. Ya ci karo da kwanon fura da wani ya bari a ƙasa, ya bi ta kai, sannan ya zagaya falon cikin natsuwa yana shafe kowane tayil da ita. In kuma aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, mazauninsa ya daina aika masa sigina, sai ya yi ta yawo yana neman gida har batir ya ƙare, mu kwana muna lalubensa da tocila a ƙarƙashin gado. Tsakar gida, inda ainihin sharar take, ko leƙawa ba ya yi. Kullum da safe yarinyarmu kan ɗauke shi ta ɗora a kan tebur don kada ya tare mata hanya, ta sa tsintsiya ta share falon tas, har da inda ya kwana.

Na'urar ruwa ita ce ta ƙarshe, kuma ita na fi kashe wa kuɗi, don na ga hoton kofin ruwa garai-garai. Irin mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata ce, ta tace har gishirin da ya narke. Mai gyaran famfo ya ɗaura ta, muka buɗe, ta fara ɗiga kamar mai ba da rance. Ya ɗaga kai ya dubi tankinmu da ke bisa ɗakin girki, ya yi lissafi da yatsu: duk tsayin mita 10 ne ke ba da ma'aunin matsi ɗaya, ita kuwa tana son kusan uku. "Sai dai mu kai tankin kan Dutsen Dala, ranka ya daɗe. Ko a sayi injin turi." Aka sayi injin turi, shi ma wuta yake jira. Ranar da komai ya haɗu kuma sai na ga wani siririn tiyo yana kwarara cikin kwata. Ashe haka aikinta yake, kafin ta ba ka lita ɗaya ta zubar da biyu zuwa huɗu. Mu kuwa in burtsatse ta ƙi, jarka-jarka muke saya. Mai ruwan unguwarmu, wanda da sai an yi ta aike, yanzu shi ke fara gaishe ni, har yana tambayar lafiyar injin.

Ana cikin haka Hajiya mahaifiyata ta zo mana kwana biyu. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, kuma ba ta cika duba na kai tsaye ba. Na cika kofi da ruwan injin na kai mata da hannu biyu. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta dubi surukarta.

"Wannan ruwan ba shi da lafiya ne? Salam, ba ɗanɗano. Ɗebo min na randa."

Na fara bayanin cewa ma'adinan ne aka cire. Ta ce su da alif suke kwantar da ruwa, in babu a daka 'ya'yan zogale, a tace a tafasa, kuma ga su nan da ransu. Aka zagaya da ita ta ga sauran kayan. Ta tsaya a gaban na'urar iska, ta saurari bayanin leda daga bakin auta, da ƙarin gishirinsa. Faifan shara ya taho ya tunkuyi ƙafarta, ta yi a'uziyya ta ɗage zane. Ba ta ce uffan ba sai da ta zo tafiya, ina riƙe da jakarta a bakin adaidaita sahu, ta yi magana tana kallon direba.

"A ce wa yaron nan, kwalayen da kayan suka zo a ciki, in ba ya so ya aiko min. Masu ƙwari ne, zan zuba kuka da busasshiyar kuɓewa."