Ku Bar Ni da Tsohuwata 504

Jama'a, saƙonninku sun iso, na karanta, na yi dariya har da ƙwalla. Tun da na furta cewa zan raba injin Peugeot 504 da giyabos ɗinta a tsakar gidana, in canza kuloci da hannuna, in bi farfela har zuwa aksil, kowa ya zama mai ba ni shawara. Wani ya ce in kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli in huta. Wani ya ce ina ruwan mai riƙe biro da sifana. Wata Hajiya ta ce ita ba ni take tausayi ba, uwargidana take tausayi, wadda za ta riƙa tsallake ƙusoshi kafin ta kai madafa. Wani bakanike kuma, Allah ya saka masa, ya ce in ci gaba kawai, yana nan yana jiran ranar da zan kawo masa motar a cikin buhuna.

Da na duba, masu maganar sikeli kusan duk Kanawa ne, ban kuwa yi mamaki ba. Bakano ko jirgin sama ya hango yana wucewa, kuɗin ƙarfen yake lissafawa. To ku gyara zama, Bazazzagi zai yi muku karatu, tun da a ƙasarmu aka haɗa ta.

A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tseren taɓo da ƙura da duwatsu, wanda motoci da yawa ba sa ganin ƙarshensa. A shekarar ce kuma masana'antar Kakuri da ke Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot. Faransawa da kansu sun daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai 2006. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. Kai Alhaji mai kiran ta gwangwani, faɗa mana tsakaninka da Allah, a wace mota aka kawo maka amarya? Wace ce ta kwashe ku, ku bakwai da akwatunan ƙarfe da ƙullin garin kwaki, daga tasha zuwa makarantar kwana? Yau don ka sayi 'yar Kwatano mai kujerar fata sai ka yi kamar ba ka san ta ba.

Wanda ya ce biro da sifana ba sa haɗuwa, bari in tambaye shi: ka taɓa durƙusawa ka leƙa ƙarƙashin motar da kake hawa kullum? A yawancin motoci masu jan baya, in ka leƙa za ka ga farfela a fili, da kuros gaba da baya. A 504 ba za ka gan ta ba. Tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da aka ɗaure daga gindin giyabos zuwa bakin aksil, kamar takobi a cikin kube, da ɗan boris a tsakiya yana riƙe ta. Ƙura ba ta shiga, dutse ba ya dukan ta, ciyawa ba ta nannaɗe ta. Yana cikin dalilan da suka sa motar ta jure hanyoyinmu. A salun ɗin da kowace tayar baya ke hawa da sauka ita kaɗai, tukunyar aksil a ɗaure take a jikin mota, gajerun shaf biyu ne ke fita daga cikinta zuwa tayoyi, kowanne da robar da ke riƙe masa giris. A wagon da a-kori-kura kuwa, har da wasu salun ɗin, aksil ɗin guda ne daga taya zuwa taya, bututun kuma yana da gaɓa a gaba da kuros ɗaya don ya samu yadda zai lanƙwasa. Saboda haka kafin ka sayi ko da noti, ka san irin taka.

Wannan bututun da nake yabo shi ne kuma ke fitar da gumi. Ba a kwance ƙusoshi huɗu a zare farfela a ajiye gefe yadda ake yi wa wasu motoci. In kana son ka kai ga kuloci, ko dai ka sassauta aksil ka ja shi baya don giyabos ta samu wurin matsawa, ko ka ɗaga injin gaba ɗaya ta sama. Ni ta sama na bi, da cen-bulok na haya a rataye a kan ƙafafu uku na bututun ƙarfe. Wani mai karatu ya ba ni shawarar in rataya shi a reshen mangwaron gidana. Malam, na gode, amma ina son mangwarona, ina kuma son ƙafafuna.

Kafin a kwance komai, kunne ne ke fara aiki, kuma a nan ne nake jin tausayinku ku masu motocin zamani. Taka in ta yi tari sai wata fitila ta kama a gabanka, ka kira mai kwamfuta, ya zo ya jona waya, ya karanto maka lamba, ka biya shi kuɗin karatu kafin a fara maganar magani. Tawa da bakinta take faɗa. In kana hawan tudu ka taka totur, inji ya ɗau kuka amma gudu bai ƙaru ba, ga kuma ƙauri yana shigowa, faifan kuloci ya cinye. In ka taka kuloci ka ji shuuu, ka saki ya yi shiru, boris ɗin kuloci ne. In kuwa akasin haka ne, tana furi tana gurnani, kana takawa ta yi tsit, to ciwon yana cikin giyabos, a boris ɗin shaf ɗin da ke shiga daga inji. Giya ta biyu in tana ƙarar ƙarrr duk lokacin da ka saka ta, alhali sauran suna shiga lafiya, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora ne ya side. Kukan da ke tasowa daga baya, in yana canzawa da ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, na aksil ne. In kuwa bai damu da totur ba, sai dai ya ƙaru ko ya ragu in ka sha kwana, boris ɗin taya ne, ka bar aksil ya huta. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya hana a sayar maka da tukunyar aksil sukutum a kan ciwon da boris ɗaya zai warkar. Ka ga mai biro ya fara amfani ko?

Yanzu maganar da babu zolaya a cikinta. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Kada kuma ka tokare ta da bulon siminti mai rami, ba ya ba da sanarwa kafin ya ruguje. Ka nemi ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka ko katako mai kauri, ka sa waigi a tayoyi, ka cire kan batir. Baƙar ƙurar da za ka tarar a gidan kuloci kuma kada ka hure ta da baki ko da iska, don tsofaffin faifai da asbestos ake yin su, yana kuwa lalata huhu. Tsumma mai danshi za ka sa.

Ga tsohon faifan nan a kan benci yanzu haka, duk mai shakka ya zo ya taɓa. Fatarsa ta side har kawunan ƙusoshin da ke riƙe ta sun fito suna ƙyalli. Ƙananan sifirin da ke tsakiyarsa sun saki, in ka girgiza shi suna kacau-kacau, su ne ke sa motar fizga in za ta tashi. Fuskar fulawil tana da tabo shuɗi-shuɗi inda zafi ya ci ta, na sa farce na bi, ba ta yi kwari ba, saboda haka gogewa da sanfefa ta ishe ta. Da ta yi kwari sai an kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe. A busasshe na tarar da wurin, alhamdu lillahi, don da akwai mai a jikin faifan sai an gano inda yake yoyo, ta bayan inji ko ta gaban giyabos, an toshe, in ba haka ba sabon ma haka zai jiƙe ya riƙa santsi.

Abu uku ake canzawa tare, faifan da murfin da ke matse shi da boris. Na san Bakano zai ce a canza faifan kaɗai a rage kuɗi. Ranka ya daɗe, wanda ya taɓa ɗaga injin nan sau ɗaya ba zai yarda ya sake ɗaga shi saboda boris ba. Wurin ɗaurawa kuma akwai wani ɗan sirri. Dole ramin faifan ya zauna daidai tsakiyar fulawil kafin a matse murfin, in ya goce ko kaɗan shaf ɗin giyabos ba zai shiga ba, ka wuni kana jijjiga inji kana zargin maƙiya. Makanikai da tsohon shaf suke saita shi, wanda ba shi da shi sai ya fere guntun katako daidai ramin. Ƙusoshin murfin ana ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har su zauna. In an zo haɗa inji da giyabos, da hannu za su haɗe bakinsu. Wanda ya ga saura ɗan tsakani ya ce bari ya jawo da ƙusoshi, gidan giyabos na alminiyam ne, zai ji ƙas, daga nan kuma sai salati.

Hajiya mai tausayin uwargida, kwantar da hankalinki. Ƙusoshin suna cikin gwangwanayen madara, kowanne da rubutu a jikinsa, na kuma ɗauki hoton kowane wuri da waya kafin in kwance. Ita kuma uwargidan tana da muƙami a aikin. Kulocin 504 da man birki yake aiki, akwai silinda a sama wurin feda, akwai ƙarama a ƙasa jikin giyabos, in iska ta shiga tsakaninsu sai fedar ta yi laushi giya ta ƙi shiga. Fitar da iskar aikin mutum biyu ne. Ita tana kan kujerar direba, ni ina ƙasa da sifana ina kira: «Danna! Riƙe! Saki!» Ki faɗa mini, Hajiya, a wane lokaci kuma magidanci ke ba da umarni uku a jere a bi ba musu?

Maganar mai ma sai da ta jawo gardama. Da na ce baƙin man inji ake zuba wa giyabos ɗin nan mai giya huɗu, wani ya rantse na kashe ta. Malam, haka masu ita suka rubuta a littafinta, lita ɗaya da 'yan kai. Mai kaurin nan mai wari na aksil ne. Yayarta 404 ta fi ta ma tsirfa, don a tsofaffinta haƙoran aksil na tagulla ne da wani ƙarfe mai murɗe ke juyawa, man da aka ware masa kuma daban ne. Ko wanne za ka canza, fara kwance ƙusar zubawa kafin ta tsiyayewa. Wanda ya tsiyaye mai tas sannan ya tarar ta sama ta ƙi motsi, ya zauna da mota babu mai babu hanyar zubawa. In man ya sauko ka sa yatsa ka murza. Laushin gari mai ƙyalli tsufa ne kawai, amma in ka ji gutsattsarin ƙarfe, wani haƙori ya yi sallama.

To bakanike mai jiran buhuna, ga rabonka, don ba na son ka kwana da yunwa. Robar shaf in ta yage zan canza, zan wanke yashin in cusa sabon giris, ba sai na zo wurinka ba. Amma cikin tukunyar aksil ba zan sa hannu ba. Zaman ƙaramin haƙori a jikin babba da siraran wasa ake daidaita shi, ana aunawa da agogon awo, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya sa ta kuka har ta cinye kanta. Wannan na masu kayan awo ne, kuma ba kowa ba a cikinsu. Dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin nan zan nema, ba yaronka mai guduma ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, bayan duk wannan cika baki, kayan sai na bi ta Panteka a Kaduna, in ban samu ba in kama hanyar Kano in shiga Ƙofar Ruwa, in yi sallama da ladabi. Nan Bakano zai gyara hula ya ciro mini faifai iri uku, ya rantse kowanne shi ne na asali. Maganinsa ka tafi da tsohon a hannu. Ka ɗora su fuska da fuska ka ga faɗinsu, ka ƙirga haƙoran ramin tsakiya, ka duba tsayin cibiyar, ka juya boris a kusa da kunnenka. Kwali ba shaida ba ne, ana buga shi a ko'ina.

Kuma ku masu giya mai canza kanta, ku rage dariya. Ranar da batir ya mutu a bakin kasuwa, ni yara uku za su tura ni in saka ta biyu in saki kuloci in wuce. Ku sai ku tsaya a rana da babbar riga kuna roƙon waya daga masu wucewa.

Ranar Asabar bayan sallar la'asar za a mayar da injin mazauninsa. Ina buƙatar mutum ɗaya a kan sarƙa, biyu su riƙe gefe, ɗaya ya haska fitila. Duk mai shakka ina gayyatar sa, amma ya zo da tsohuwar riga. Akwai shayi, akwai ƙosai, Kanawa kuma su taho da nasu sukarin.