Zuwa ga Taubashina, Sabon Kumandan na Guruf

Ɗan gwaggo, ina gaisuwa. Da a guruf zan gaishe ka kamar yadda aka saba, to amma tun ranar Talata ka fitar da ni, sai na ga babu inda ya rage in same ka sai shafin jarida, inda yatsanka ba ya isa ya goge.

Masu karatu, ku yi haƙuri in gabatar muku da shi. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, kuma duk ɗan Kurfai ya san wane ne ubangida, wane ne bara a tsakaninmu. Kamfani ɗaya muke aiki, na masu sayen wake da gero a ƙauyuka, mu tara a Filinge, mu loda zuwa Yamai. Ni ke riƙe da makullin sito. Shi kuwa, da darakta ya duba ya ga babu wanda ya kai shi daɗewa da waya a hannu, sai ya damƙa masa guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata. Dukanmu, har da mai gadi, ba mu kai hamsin ba. Tun ranar da kalmar admin ta fito kusa da sunansa, tafiyarsa ta canza, tarinsa ma ya canza.

Na daɗe ina tunanin abin da ya same ka, taubashi, sai na tuna ciwon ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1925, a Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fara faɗuwa da wasu iskoki sababbi, waɗanda ake ce wa Babule ko Hauka. Wanda suka hau sai ya miƙe ya ƙame, yana fareti, yana sara wa mutane, yana ba da oda kamar Nasara. Abin ya dami Mayaƙi Gado Namalaya, ya dami kumandan Yamai, Crocicchia, har ya sa aka kwashe su aka kulle. Ba a daɗe ba shi kansa kumandan ya zama iska a cikinsu, ana ce masa Kumandan Mugu. Mai ɗaukar fim Jean Rouch ya bi su har Ankara ta ƙasar Gana ya ɗauke su a fim. Da yana raye, ba sai ya sha wannan doguwar tafiya ba. Ya tsaya a buronmu da safe ya ga yadda kake riƙe waya, ya ishe shi.

Laifina kuwa, a gaya wa jama'a: hoton rago na sa. Rago ɗaya, ɗan Balami, wanda nake so in sayar kafin in kai shi Baleyara ranar Lahadi dillalai su cinye ribar. Na yarda na bi shi da saƙon murya, na kuma yarda saƙon ya ɗan yi tsawo, don sai da na faro daga uwarsa. Amma ko a gaban alƙali ana tambayar mutum kafin a yanke masa hukunci. Kai ko gargaɗi babu. Ina cikin jiran mai tayi sai na ga rubutu a ƙasa wai ka cire ni. Bara ya kori ubangidansa daga zaure, kuma ana kallo.

To, tun da ka ba ni hutu, na zauna a bakin sito na yi maka lissafi.

Direban da aka sallama bara bayan kaka, yana ina? Yana cikin guruf. Yanzu motar wani attajiri yake tuƙawa, mai sayen wake a kasuwannin da muke saye. Duk safiyar da darakta ya rubuta farashin tiya da za mu tsaya a kai, shi ne na farko da ke karantawa, kafin ma wakilinmu na Bonkuku ya samu rezo. Kana mamakin yadda ake riga mu da ƙarin dala biyar a kowace kasuwa? Ni na daina mamaki. Akwai kuma wata lamba da babu wanda ya san mai ita. Ta yaron da ya tafi Libiya ce, layin ya mutu, kuma layin da ya daɗe a mace akan sake sayar da shi ga wani. Yanzu hoton wata hajiya ne a kai. Allah ya sa mai rufin asiri ce, don ta ga takardar albashinmu kaf, ranar da kwantabul ya yi kuskure ya tura ta can. Kana da ikon goge saƙon kowa, WhatsApp ta ba admin wannan dama tun 2022, amma tana da wa'adi na kwana biyu ko makamancin haka. Kai kana biki a Luma. Takardar tana nan har yau, kowa ya san abin da kowa ke ɗauka, shi ya sa mai awo ya daina gaida mai lissafi.

Je ka gidan kiwon shanu na Tukunus ka ga aiki. Shanun Azawak ne, ba su san karatu ba, amma kowace saniya da lambarta a littafi, an san uwarta, an san ranar da ta shigo garke da ranar da ta fita. Garken dabbobi ya fi naka tsari, ɗan gwaggo.

Sai dokokinka. Ka zauna ka tsara su da Faransanci, da lambobi da manyan baƙaƙe, ka liƙa. Wa ka rubuta wa? Rabin mutanenmu 'yan dako ne da masu awo da direbobi, aikinsu da murya suke yi, wasu da Hausa, wasu da Zabarmanci, mai gadi kuma da Buzanci ya fi sakewa. Da ka ɗauki minti biyu ka faɗa da bakinka, abu kaza a sa, abu kaza kada a sa, da ni kaina na san rago haramun ne. Da abin ya ƙi ci, ranar da gardamar kokowa ta kaure ana cikin gasar takobi, sai ka yi abin da ya fi sauƙi: ka rufe bakin kowa, admin kaɗai ke magana. Ka kwana da daɗi. Washegari mota ta lalace bayan Damana da buhu ɗari a kai, direba ya buɗe guruf ya tarar da ƙofa a garƙame. Sai da ya kira mutum huɗu kafin ya samu wanda ya ɗauka. Maganin ba wuya gare shi: ɗaki biyu ake yi. Ɗaya na sanarwa, inda manya kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira, inda za a yi barka da suna da gaisuwar Juma'a da ragona. WhatsApp ma ta fito da tsarin haɗa guruf da yawa a ƙarƙashin rumfa ɗaya tun ƙarshen 2022. Kai a lokacin kana koyon sa hoton kanka da baƙin tabarau.

Akwai wadda ba ta wasa ba, bari in sassauta murya. Ka san halin da hanyoyin arewa suke ciki, wajen Abala da Sanam. Sa'ar tashin mota da yawan kuɗin da wakili zai ɗauka ba maganar taro ba ce, ko da taron na 'yan gida ne, balle akwai baƙi a ciki. A gaya wa mai tafiya shi kaɗai. Haka kuma jita-jitar da ake turowa, an ga wane, an kama wane. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Ranar da aka zo tambaya, sunan da ke da admin a gefe za a fara nema. Zan kai maka fura, ba zan fasa ba, amma gara kada a kai ga haka.

Na ji kana cewa matsalar ta kayan aiki ce, wai da kamfani zai saya maka irin na manyan ma'aikatu da an ga mulki. Na tambaya, an ba ni labari. Microsoft ta sayi Yammer a 2012 a kan dala biliyan 1.2 ta Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba, daga baya ta sake masa suna Viva Engage. Abin da ya fi burge ni a irin waɗannan shi ne, shigar ma'aikaci a haɗe take da sunansa a rajistar kamfani: ranar da aka sallame shi aka rufe sunan, ƙofa ta rufu. Wato abin da suke biyan miliyoyi a kai, kai za ka iya yinsa da littafin dala ashirin da biro, in ka zauna da kwantabul ƙarshen kowane wata kuka gwada sunaye. Kuma kada tsada ta ruɗe ka. Masu Facebook sun buɗe nasu na ma'aikata, Workplace, a 2016, a 2024 suka sanar za su rufe shi, kowa ya kwashe kayansa. Gidan haya ne. Kai kuwa rasit ɗin kamfani na shekara biyu duk a guruf ka bar su, babu kwafi a buro.

Guruf ɗin ma da layinka kake riƙe da shi, kuma kai kaɗai ne admin, don ba ka son kishiya. Rijiyoyin Dallol ba su da zurfi, na sani, amma sun isa su cinye waya. In ta faɗa, sai mu zauna jiran ka sabunta layi. In kuma fushi ya ɗebe ka ka fita, WhatsApp da kanta za ta ɗora wani a kujerar, ba ta shawara da kowa. Tana iya ɗora direban da aka kora. Tana iya ɗora hajiya. A sa layin kamfani, a ƙara mutum na biyu, ko da kuwa ba ni ba ne, duk da dai ban ga wanda ya fi ni cancanta ba.

Tsohon shugaban ƙasa Seyni Kunce, ɗan Fandu, nan kusa da mu, an san shi da faɗo wa ma'aikatu ba sanarwa ya ga wa ya zo, wa bai zo ba. In shi kake kwaikwayo, ba ka ɗauki zagayen ba, tsawar kaɗai ka ɗauka. Aikin da darakta ya ba ka shara ce: ka duba wa ya shigo, wa ya kamata ya fita, me aka zubar a tsakar gida. Da na gane haka sai hankalina ya kwanta, don na ga an ajiye abu a wurinsa. Shara gadonka ce, ɗan mace. Kakanninmu sun tsara haka tun kafin a ƙirƙiro waya, kuma UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar a cikin kayan gadon duniya a 2014, saboda haka ba ka da inda za ka kai ƙarata.

Kuɗin shararka na watan Cika-ciki suna aljihuna, jika biyu cif. Ka fitar da direba, ka sallami hajiya da godiya, ka maido ni kafin Lahadi, ka zo sito ka karɓa. Ragon har yanzu bai samu mai saye ba.