Fushina a tukunya yake sauka

Mutanen kirki idan ransu ya ɓaci, ture kwano suke yi su ce sun ƙoshi. Ni janyo shi nake yi. Kuma mai irin halina bai yi dacen gari ba in a Haɗeja yake zaune, don ko'ina ka waiga karfasa ce da tarwaɗa a kasko, ga yaji an ƙulle a takarda.

A daminar 2022, da ambaliya ta shanye shinkafar da na noma a fadama, maƙwabta suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa. Ni tuwon dare na tare. Na cinye nawa, na bi da wanda aka ajiye wa yara na ɗumame, a tsaye, cikin duhu, ba yunwa ba komai. Ko ɗanɗanon miyar ban ji ba. Hannu ne kawai ke kai da komo, kamar ruwan da aka sako daga madatsar Tiga. Da safe uwargida ta buɗe tukunya ta ce, "Malam, ɓerayen gidan nan har murfi suke mayarwa?"

Na daɗe ina ce wa abin haɗama. Ashe tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a jerin cututtuka: mutum ya narki abinci cikin ɗan lokaci, ya kasa tsayawa, ya ɓoye, kunya ta biyo baya, aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3. Na ce to, wa ya kai musu rahotona? Bayaninsu shi ne loma tana danne damuwa na ɗan lokaci, sai kunyar ta haifo sabuwar damuwa, sai a koma wa tukunya. Shawararsu a riƙa cin abinci a kan kari, kuma in abin ya motsa a ɗan jinkirta har ya lafa.

Jinkirin nan ne ya gagare ni. Ina iya azumin wata guda cikin zafin bazara, amma a faɗa mini baƙar magana, minti goma sai ta zame mini shekara.

Don haka masu suyar kifi, don Allah in kun hango ni fuska a murtuke, ku ce ya ƙare.