Bankunan Amurka sun janye toshi

Shekara da shekaru bankunan Amurka suna zawarcin jama'a da katin bashi, kuma toshin ba kaɗan ba. Mutum ya sayi talabijin, bayan sati biyu farashinta ya faɗi, banki ya maido masa da bambancin. Jirgi ya ɓatar masa da akwati, a biya shi. Motar haya ta bugu, inshora na kan katin.

Da aure ya ɗauru, sai ango ya soma kwashe kayansa. A farkon 2018 kamfanin katin bashi na Discover ya soke ƙarin garantin kaya da inshorar motar haya, wai don mutane ba sa amfani da su sosai. To gatan da ba mai taɓawa, me yake ci wa kamfani?

Na bambancin farashi kuwa amfanin ne ya yi yawa. Da can sai mai naci ke ajiye rasit yana cike fom. Sai ga manhajoji irin su Earny, masu bin rasit a imel ɗin mutum, su sa ido kan farashi, su shigar masa da buƙatar maido bambancin yana barci. Nan fa bankuna suka ji a jikinsu. Chase ya cire wannan gata daga katinsa na Sapphire Reserve a 2018, Citi kuma ya share mafi yawan gatan katunansa a watan Satumba na 2019.

Kuɗin riƙe katin dai bai bi sahu ba. Na Sapphire Reserve dala 450 ne a shekara lokacin da ya fito a 2016. A 2025 ya kai dala 795.