Ardo, Wannan Karon Ina Aka Nufa da Garken?

Ardo, gaisuwa daga ubangidanka na Yerwa. Labari ya iske ni cewa kun sake ɗaure kaya, ban kuwa yi mamaki ba. Tun ranar da ka ce mini kai da abokanka kun haɗa taku babbar manhajar kwamfuta a kan Linux, na ce a raina: yau an ba Bafulatani gida mai harsashi, bari mu ga damina nawa zai yi a ciki. Biyu ka yi.

Ka tuna yadda ka lallaɓe ni? Ka zauna a shagona, ka shanye mini shayi kofi uku, ka rantse tsohuwar kwamfutata za ta koma budurwa. Ka ce a kan Ubuntu kuka ɗora ginin, irin mai dogon zango da ake kula da shi shekara 5, har kun sa mata madannai masu ɓ da ɗ da ƙ. Na miƙa wuya. Yanzu sai ga saƙo layi ɗaya, wai kun sauya tushe, kun koma Debian, kamar mai sauya hula ranar Juma'a.

Tunda a ruga ba a gini, bari in koya maka. Daga tushe ake ɗebo ƙwayar Linux ɗin kanta, da rumbun manhajoji, da direbobin da ke sa firinta da waya su ji maganar kwamfuta, da facin tsaro in ɓarayi sun gano kafa. Abin da kuka ƙara a sama fenti ne da labule. Wanda ya taɓa harsashi, dole ya bi ƙofofi da tagogi ɗaya bayan ɗaya ya ga wace ce ta daina rufuwa.

Abin dariyar ma, ba nisa ka yi ba. Ubuntu ɗan cikin Debian ne, Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya yanko shi daga can a 2004. Wato yaji ka yi daga gidan uba zuwa gidan kaka. Kakan nan kuwa dattijo ne, tun 1993 Ian Murdock ya kafa shi, ya haɗa sunan budurwarsa Debra da nasa ya raɗa masa. Ba ya gaggawa, kusan sai shekara biyu yake fitar da sabon zubi. Amma da yake zama wuri ɗaya tsautsayi ne a wurinka, ka tsallake ɗakin dattijon ka faɗa reshen da ake kira Sid. Ka san wane ne Sid? Yaron nan na fim ɗin Toy Story mai ɓalla kayan wasa. Sun gaya maka halinsa tun daga suna, ka ce shi kake so.

Na san hujjarka: Snap, ƙunshin manhajojin da Canonical, kamfanin Ubuntu, ke turawa, wanda rumbunsa ke hannun kamfanin shi kaɗai. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai dubi mutanen Linux Mint, su ma a kan Ubuntu suka yi gini. Da suka ga mai neman manhajar Chromium a Ubuntu ana shigo masa da Snap ta bayan gida, sai suka toshe hanyar a zubinsu na 20, a 2020, suka ci gaba da zama. Kuma tun 2010 suke riƙe da wani zubin a kan Debian mai suna LMDE, ko da wata rana zama ya ƙi. Gida biyu maganin gobara. Ka ga masu hankali, kai ka ce Barebari ne.

Za ka ce wasu ma sun yi ƙaura. Sun yi. Masu BackTrack sun bar Ubuntu, suka sake gini a kan Debian da sunan Kali a 2013. Vanilla OS ta bi sahu a 2024. Kamfanin Valve ya ɗauke SteamOS daga Debian ya kai Arch da fitowar na'urarsa ta Steam Deck a 2022, don yana son sababbin direbobi da zafinsu. To amma Valve na da injiniyoyi masu albashi da na'urar da shi ya ƙera, yana gwada komai kafin ya saki. Ku fa? Mutum huɗu da janareta ɗaya, shi ma na aro.

Ga abin da ƙaurarka ta jawo mini. Ranar da ka ɗora mini zubin gwaji, firinta ta yi gum kamar amarya. Da ƙyar ta buɗe baki, ashe haruffa masu lanƙwasa sun bi garke. Na buga wa wani alhaji katin ɗaurin aure guda ɗari biyu, a ƙasa an rubuta ana maraba da manyan baki. Surukansa ne manyan baƙin, Ardo. Har yau in ya hango ni sai ya sauya layi.

Yanzu kuma na ji kana leƙen Arch, inda sabuntawa ba ta yankewa kamar ruwan Agusta. Da datar wa? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ban hana ka Debian ba, gida ne na mutunci. Amma ka shiga ta ɗakin dattijon, ka ci gaba da kula da tsohon zubin har wa'adinsa ya cika, ka share wa mutane hanyar ƙaura da ba sai sun goge kayansu ba. Makiyayin kirki ba ya tashi sai ya ƙirga 'yan maruƙa.

Watan cika-ciki na tafe. Ka zo da kuɗin sharata, da kuɗin katin alhaji, da ƙwaryar kindirmo. Kafin ka zauna, ka dawo mini da ƙ ɗina.