Ranar da Na Ninka Nauyin Kano Sau Huɗu

Mu biyar makarantarmu ta tura gasar fiziks ta makarantun sakandare ranar Asabar ɗin nan, ni kuma aka naɗa ni mai magana da yawun tawaga, wai don ina da murya. Zagayen tambayoyi mun haye shi lafiya lau. Na biyu gwaji ne: aka ajiye wa kowane tebur zare, da ƙwallon ƙarfe, da rula, da agogon awo, aka ce a auno ƙarfin jan ƙasa.

Duk ɗan aji biyar ya san wannan aiki, tunda yana yawan fitowa a jarrabawar WAEC. Ka rataye ƙwallo ya yi lilo, ka ƙirga lilo 20, ka duba daƙiƙa nawa suka ci, ka zuba cikin ƙa'ida. Tun zamanin Galileo aka gano tsawon zare ne ke yanke lokacin lilo, har Huygens ya ƙera agogo a kan haka a 1656. Amsar ma kowa ya haddace ta, 9.8, tana nan rubuce a bangon ɗakin gwajinmu da jan fenti.

Zarenmu mita ɗaya. Mai ƙirga ya ƙirga 20, mai agogo ya ce daƙiƙa 20 cif. Mai kalkuleta ya daddanna, ya rubuta, ya ninke takardar, ya cusa mini a hannu daidai lokacin da ake kiran makarantarmu. Ban buɗe ta ba sai a gaban makirfo.

Na gyara tsayuwa, na gaida alƙalai, na karanta: "Talatin da tara da ɗigo biyar."

Har na jaddada ɗigo biyar ɗin, kada a ce mun yi ƙwange. Zauren yana da lasifika biyu, ta baya tana ɗan makara, saboda haka na faɗa sau ɗaya, na ji sau biyu. A ji na biyu ne cikina ya ɗuri ruwa. Na waiga teburinmu, duk su huɗun sun duƙufa suna duba rula, sai ka ce yau suka fara ganinta. Malam kuwa ya ɗaga kai yana ƙirga fankokin sama.

Shugabar alƙalai wata Dakta ce daga jami'a. Ta cire tabarau a hankali, ta ce, "Ɗana, maimaita."

A nan mai hankali zai ce takarda ta cuɗe, ko ya yi tari, ko ya suma. Ni da aka zaɓa don murya, na maimaita, da ƙarfi.

"A wace duniyar kuka yi gwajin?"

"A tebur na shida, ranki ya daɗe."

Dariyar ta faro daga layin makarantar 'yan mata, ta bi zaure kujera-kujera har ta kai ga mai ɗaukar hoto, wanda ya sauke kyamara don ya yi tasa da kyau. Dakta ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Karatu ta buɗe mini a tsaye. A wata, in ji ta, 1.6 ne. A Jufita, wadda ta fi duk duniyoyin da ke kewaya rana girma, bai kai 25 ba, ga shi mun tsere mata a Kano. Da gaskiya muka faɗa, da buhun shinkafa ɗaya ya yi nauyin huɗu, da ni kaina rarrafe zan yi in zo gabanta. Lilo ɗaya zuwa ne da dawowa. Mutuminmu ya ƙirga zuwa ɗaya, dawowa biyu. Lokaci ya rabu biyu, kuma tunda ninka shi da kansa ake yi a ƙa'idar, amsa ta ninku huɗu.

Ina gyaɗa kai ina neman ƙofa da ido sai na ji murya daga can baya.

"Hajiya, to ke nawa kike so?"

Baba Direba ne, mai jan motar makarantarmu, wanda ya shigo shan fanka tun safe. Dakta ta ce 9.8 ne, Baba. Ya girgiza kai irin na wanda aka taya wa rago da kuɗin kaza, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka ce albarka. Kada ka saki. Ka sauko 25, ita ta hau 15, a daidaita."

Wallahi sai da na buɗe baki. Ban san me zan ce ba, amma na buɗe, kuma hoton da ke yawo a wayoyin 'yan ajinmu yanzu na daidai wannan lokacin ne.

A mota Baba bai gama ba. Laifin na zare ne, a ganinsa. Da an gaya masa da ya tsaya Kantin Kwari ya sayo mai kauri. Sannan bai yarda jan ƙasa iri ɗaya ne ko'ina ba, domin shi ya sauko Hawan Kibo da lodi birki na wari, kuma abin da ya ja shi ranar ya fi talatin da tara. Mai kalkuleta ya yi ƙarfin halin cewa a kan tudu jan ƙasa raguwa ma yake yi kaɗan. Baba ya dube shi ta madubi: "Kai da ka ba da amsar ɗazu?" Ba a sake jin mai kalkuleta ba har muka iso. Shawarar Baba ta ƙarshe ita ce baɗi mu bari kowa ya faɗi tasa tukuna, mu ɗauki ta tsakiya, haka shi yake yi in ana rigimar kuɗin mota a tasha.

'Yan matan nan da suka fara dariya su suka ɗauki kofi, da 9.7. Ni kuwa daga ranar Litinin har maigadin makaranta Talatin da Tara yake kirana.